Mangwaron da Aka Dasa Sau Biyu

Ranar Talata, tara ga watan Agusta, 1988, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Enoch Atu a gidansa na Tudun Kaɗanya, bayan Maska. Ya sha jinyar ciwon ƙirji tun faɗuwar damina. Tsohon malamin gona ne, kuma shi ne shugaban farko na Gamayyar Inuwa da Ruwa. Washegari muka kai shi makwancinsa. Tun muna cikin majami'a ake tsuga ruwa, har masu haƙa suka koma kwashe shi daga ramin da ƙwarya. Malam, ka ƙarar da ƙarfinka kana yi wa mutane maganar ruwan sama. Ranar da ya zo yadda kake so, ba ka ji shi ba.

Dattawan ekklesiya suka ce in rubuta wani abu, tunda ni na daɗe ina riƙe maka alƙalami. Suka ce in sassauta. Zan ƙoƙarta, amma na tsufa, kalmomi masu sanyi sun yi mini ƙaranci. Shugabannin Gamayya na yanzu sun riga sun yi nasu yabon a rediyo. Abin da ba su faɗa ba shi ne, saura kaɗan karramawar da suka yi maka ta raba matarka Matta da gonar da take ci da ita, kuma har yau maganar ba ta kwanta ba.

Na san ka a shekarar babban fari, 1973. Ina hedimasta a Malumfashi, da takardun kwalejina da Turancina, ina ganin duk abin da ya lalace a ƙasar nan rubutu mai kyau zai gyara shi. Ka zo ofishina a kan tsohon babur ɗinka, ka ce kana neman wanda ya iya rubuta wa gwamnati ba tare da ya durƙusa mata ba. Na ce me za a rubuta. Ka jawo ni waje, ka nuna mini mutanen arewa da suka sauka bayan makaranta da ragowar shanunsu, daga fata sai ƙashi. Ka ce, "Malam Abraham, waɗannan ba baƙi ba ne. Mu ne nan gaba, in muka ci gaba da sare abin da ke kanmu."

Ba ka kafa sabuwar ƙungiya ba. Ka ce ƙungiyoyi sun ishe mu, haɗa su ne aikin. Ka bi manoman auduga na Funtua, ka bi zumuntar matan ekklesiya, da 'yan agajin masallatai, da malaman makaranta, da ardon makiyaya, har kowa ya yarda ya turo mutum ɗaya. Waɗannan su ne kwamiti. Aka ba ka shugabanci, aka ba ni sakatare. Ba mu da ofis. Muna zama kan tabarmi a gindin wata ɗorawa a hanyar Mahuta, kuma ba a kaɗa ƙuri'a. Magana ake yi har sai wanda ya ƙi ya gamsu, ko shi ya gamsar da mu. Kai ne kullum kake magana a ƙarshe. Ardo yakan ce taronmu ya fi kiwo wahala, don saniya in ta ƙoshi kwanciya take yi, mu kuwa ba ma ƙoshi.

Ranar kasuwa mukan ari lasifika mu yi gangami. Kana gaya wa mutane damina tana gajarta, rijiyoyi suna ƙara zurfi, a daina cinna wa daji wuta, a daina loda ɗanyen icce a mota ana kaiwa birni. Wasu su saurara, wasu su ce wa'azin yunwa ya zo. Ni kuma ina rubuta wa Kaduna, ana amsa mini da cewa ana dubawa.

Ina tuna wani rani da wani mai kuɗi ya kawo katafila tana share masa fili, tana tuge duk abin da ya tsaya. Akwai wani tsohon gawo a tsakiya, shi kaɗai ke da ganye a lokacin. Ba ka yi ihu ba, ba ka tara jama'a ba. Ka je ka zauna a gindinsa, ka kwance ƙunshin rogonka, ka ɗaga wa direban hannu ka ce, "Sauko mu ci, ɗan'uwa, inuwar nan daga yau ta ƙare." Ya sauko. Kuka ci, kuka yi hirar garinsu. Da ya koma kan motarsa sai ya kewaye itacen. Gawon yana nan har yau, a tsakiyar masara.

Amma abin da ya sa ka fita daban, kuma shi ne ya ci kujerarka, wata doka ce da ka sa mana a kan rabon dashe. Kowa a ƙasar nan ya san gonar aro. Mai gona ya ba ka ka noma, kai da 'ya'yanka, wani lokaci har jikoki, kana kai masa damin dawa da kaka don a san ba ka manta ba. Ka shuka abin da kake so, ka zuba taki yadda kake so. Abu ɗaya ne ba ka yi: ba ka dasa itace. Wanda ya dasa itace ya kafa shaida. Gobe jikansa zai tsaya gaban alƙali ya nuna shi ya ce kakana ya dasa. Saboda haka duk mai gonar da ya ga ɗan aro ya haƙa rami ya sa dashe, ya san gonarsa ake nema, sai ya riga shi karɓe abinsa.

Dokarka ita ce, dashen Gamayya ba ya shiga gonar aro sai an tara mai gona da ɗan aro da mai unguwa a bakin gonar. Mai gona ne zai sa dashen a rami da hannunsa, kowa yana gani. Ɗan aro ya yi ban ruwa, ya kewaye shi da ƙaya. Itace na mai gona, inuwa da ganye na mai noma. Aiki ne mai cin rai. Wani mai gonar sai ka je masa sau da yawa kafin ya fito. Wani ka iske ya tafi fatauci. Amma duk itacen da ya shiga ƙasa ta wannan hanya ya rayu, kuma ba wanda aka kora.

Ka san wannan ne don a cikinsa ka tashi. Sa'ad da mahaifinka Atu ya karɓi baftisma, 'yan'uwansa suka cire shi daga gandu. Maƙwabcinsa Musulmi, mahaifin Malam Sada, shi ya auna masa gona aro a Tudun Kaɗanya. Ita ka gada, ita ka noma har ka kwanta. Kowace kaka kai da kanka kake ɗora damin dawa a babur ka kai ƙofar Malam Sada. Mutumin da ya sa aka dasa itatuwa daga Maska har Musawa bai taɓa dasa ko ɗaya a gonar da yake nomawa ba. Na taɓa yi maka tsiya a kan haka. Ka yi dariya ka ce, "Ni ai na Allah nake reno." Kana nufin 'yan gawon da suka tsiro da kansu, waɗanda kake kewayewa da garma.

Daga baya sunan Gamayya ya kai nesa. Wasu masu ba da agaji daga ƙasashen waje suka zo, suka ga aikin, suka ji daɗi, suka ce za su taimaka. Ban zarge su ba. Abin da suka tambaya kawai shi ne, nawa aka dasa bana, nawa za a dasa baɗi. Tun daga ranar sai ga mutanen da ba su taɓa zama kan tabarmarmu ba suna son zama. Ƙungiyoyi suka fara canza wakilansu. Ardo ya tsufa, aka maye gurbinsa da wani dillalin shanu da ke zaune a gari. Manoman auduga suka turo Alhaji Maitama, ɗan kwangila, mutum mai fara'a da saurin magana. Nan da nan aka ba shi ma'aji.

Shi ya fara cewa ɗorawa tana zubo wa baƙi datti a riga. Aka mai da taro ɗakin otal a Funtua, da teburi da fanka. Shi ya ce magana har a gamsu ɓata lokaci ne, a riƙa ɗaga hannu. A taron farkon damina na 1983 ya dube ka ya ce, "Malam, kai kana roƙon tsofaffi ɗaya-ɗaya, hamada kuwa ba ta jiran mai unguwa. A ba mu mota mu raba, kowa ya dasa inda ya ga dama." Ka ce, "Alhaji, hamada a hankali take cin gona. Wannan naka rana ɗaya zai ci." Aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Ni da wakiliyar mata ne kaɗai muka tsaya maka. Aka sauke ka, aka ba Alhaji Maitama kujerar, kai kuma aka naɗa ka Uban Gamayya, aka yafa maka babbar riga, aka ɗauki hoto. Uban da ba a sake aika wa kiran taro ba. Ni na ajiye alƙalamina a ranar. Kai ka ce da ban yi ba. Ka ninke rigar ka ɗaure a bayan babur, ka tafi gida.

Motoci suka shiga kasuwanni da dashen bedi, wato dogon yaro, ana raba wa duk wanda ya miƙa hannu, lasifika tana cewa dasa itace umarnin hukuma ne, ba mai hana ka. Talakawa suka yarda. Wace ce Hansai ta Mahuta da za ta ƙaryata lasifika? Mijinta ya rasu ya bar ta da gonar aro da suka shekara da shekaru suna jibga wa taki. Ta karɓi bedi ta jera a kan iyaka, tana ɗauko musu ruwa a kai. Da aka gama girbi mai gona ya aiko ya ce baɗi zai noma abinsa. Ba ita kaɗai ba ce. A Mahuta, a Maska, a ƙauyukan da ke tsakani, gidaje suka wayi gari ba gona, a shekarar da damina ta sake gazawa. Masu gona suka tuge dashen suka zubar. A rahoton Gamayya kuwa duk suna nan a tsaye, suna ba da inuwa.

Ba kai ka ɓata ba, amma kai ka bi gyara. Ba kujera, ba mota, sai tsohon babur da tarin da ya fara kama ka. Ka bi masu gona gida-gida, kana zama a zaurensu kana ba da haƙuri a kan laifin da ba naka ba. Kana cewa, "Ba ta nemi gonarka ba, rediyo ta ji." Da yawa suka ji nauyinka suka mayar. Na Hansai ya ƙi. Ka koma masa har ya daina fitowa. Tana Funtua yanzu tana tuyar ƙosai a bakin tasha. Ta zo jana'izarka a ƙafa daga kan titi, cikin ruwan nan.

Ni ma ba ka bar ni ba. Da aka sallame ni daga aiki na kulle kaina a gida ina zagin duniya, kai kaɗai kake zuwa. Ba ka yi mini wa'azi. Sai ka zauna ka bar ni in gama, sannan ka tambaye ni ko na ci abinci. Na sha gaya maka mun yi aikin banza, mun gina wa 'yan kwangila tsani. Kakan ce, "Je ka hanyar Mahuta ka tsaya a inuwa, ka sake faɗa mini." Ban je ba. Ina tsoron in je in ga kana da gaskiya, ɓacin raina ya rasa wurin zama.

Yanzu ga abin da ya faru bayan mun binne ka, tunda ba za a faɗa a rediyo ba.

Mako bai cika ba sai ga motocin Gamayya a Tudun Kaɗanya. Alhaji Maitama da kwamitinsa, da mai hoto, da wani allo da aka rubuta sunanka da fenti. Suka shiga suka gai da Matta a ɗakin makoki, suka ce sun zo su karrama uba. Ba su faɗi yadda za su yi ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Daga nan suka zarce gona. Shekarun da suka yi suna kiran ka uba, ba wanda ya taɓa tambayar gonar wa kake nomawa. Suka haƙa rami a kan iyaka, suka dasa mangwaro, suka kafa allon a gefensa, aka tafa, aka ɗauki hoto. Mangwaro, Malam. Ba ma bedi ba. Itace mai 'ya'ya, da sunanka a rubuce kusa da shi. Kafin labari ya iso mana a zaure sun kama hanyar Funtua.

Da la'asar sai ga Mudi, babban ɗan Malam Sada, magidanci mai iyali da yawa da gona kaɗan. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Sannan ya ce wa Matta, "Inna, Baba ya ce in tambaya. Itacen da ke kan iyaka, wa ya dasa?"

Ba wanda bai gane tambayar ba. Na buɗe baki zan yi bayani, in ce kuskuren mutanen gari ne, Matta ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Mudi, je ka ce wa Baba ina zuwa da amsa."

Mata suka riƙe ta, suka ce mai makoki ba ta fita. Ta ce, "In na zauna, makoki biyu zan yi." Ta ɗauki fartanya da kwando. Na bi ta. Ta tsuguna a gindin mangwaron da aka dasa don tunawa da mijinta, ta haƙe shi da ƙasarsa a hankali don kada saiwar ta tsinke, ta sa a kwando. Ta tuge allon ta miƙo mini. Ta ɗora kwandon a kai, ta ratsa gari da shi, mutane suna fitowa ƙofa suna kallo, har zauren Malam Sada. Ta sauke a gabansa ta durƙusa.

Malam Sada ya tsufa ƙwarai, idonsa ya kusa tafiya. Ya ce, "Wa ke nan?"

Ta ce, "Ni ce, Baba. Ga amsar. Ba hannunmu ba ne, amma a gonarka aka sa, na kawo maka. Ka jefar ko ka ba awaki."

Ya laluba ya taɓa ganyen. 'Ya'yansa suna tsaye a bayansa. Can ya ce, "Enoch ya taɓa zaunar da ni a nan yana koya mini yadda ake wannan abu, na ce masa ni da kai ba ma bukata. Ashe yau yake nufi. Mudi, kira mini mai unguwa. Ku kama ni."

Aka riƙe shi har gona. Ya durƙusa da ƙyar a bakin ramin da Matta ta bari, ya karɓi dashen, ya sa da hannunsa, ya tura ƙasa ya danna. Ya ɗaga murya ya ce, "Mai unguwa, ka gani. Jama'a, kun gani. Ni Sada na dasa. Itace nawa ne. Matta, kawo ruwa." Ta zuba ruwa. Ya ce, "Inuwa taki ce. Gona kuma tana hannunki muddin ina numfashi."

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ni ma na sa. Amma ni tsohon malamin makaranta ne, kunnena yana kama kalma. Muddin ina numfashi, ya ce. Na dubi ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙyar saboda ɗan durƙuson da ya yi. Na dubi Mudi da ƙannensa. Ba su ce amin ba. Ban ga laifinsu ba, su ma bakuna ke jiran su a gida, kuma sun ga allo da suna a kan gonar ubansu. Abin da tsoho ya toshe da hannunsa, ba na jin ya toshe a zuciyarsu. Da kana nan da ka fara zuwa zaurensu tun yanzu, kana zama, kana shan ruwansu, har maganar ta mutu. Wa zai yi?

Hoton ya fito a jarida. Alhaji Maitama ya sunkuya yana murmushi, hannunsa a kan dashen. Allon kuwa yana ɗakina, na juya fuskarsa bango. In kwamitin Gamayya suna son karrama ka da gaske, ba sai sun sayi fenti ba. Su bar otal su koma gindin ɗorawa. Su je Mahuta su zauna a zauren da ka gaji da zama, har a mayar wa Hansai gonarta. Ban sa rai ba. Na faɗa ne don kada a ce ba a faɗa ba.

Malam Enoch, Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya hutar da kai daga yawon da muka bar ka kana yi kai kaɗai. Ya sa ka a inuwar da ba mai aikowa a tambayi wa ya dasa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Matta, da 'ya'yanka Yunis da Roda da jikoki, da ekklesiyar Tudun Kaɗanya, da duk gidajen da ka mayar wa gonakinsu, Kirista da Musulmi. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ina yi wa gidan Malam Sada ta'aziyyar maƙwabci, Allah ya saka wa tsohon da alheri, ya sanyaya zukatan 'ya'yansa, ya yalwata musu.

Jiya na biya ta gonar. Matta ta kewaye mangwaron da ƙaya, ya fid da sabon ganye ja. Dawa ta fara fitar da kai. Ta ce mini da kaka ita za ta ɗauki damin ta kai da kanta. Ya Allah, ka ja kwanan Malam Sada ya karɓa da hannunsa. Amin.

Abraham Mati,
tsohon sakataren Gamayyar Inuwa da Ruwa,
Malumfashi.